Ranar da Yaya Auwalu Ya Amsa Sunana

Asabar ce. Inna na tankaɗe a tsakar gida, rediyo na ta surutu a bakin taga. Ni kuwa na tashi da fankama, don a makon ne jami'armu ta soke zaɓen ƙungiyar ɗalibai da wani ɗan siyasa ya murɗe wa yaronsa. Ni na ja zanga-zangar, kuma ban iya cin nasara shiru ba. Babban wana, Yaya Auwalu, mai gyaran babur a Tarauni, yana ta tsokanata, wai jagoran talakawa amma ko sabulu sai an saya masa. Na ɗauki bokiti na shige banɗaki ina mayar masa da martani.

Tara ta ɗan gota aka yi sallama a ƙofar gida. Murya mai ladabi. Wai ana sallama da Kabiru, wato ni.

A gidanmu na Gyadi-Gyadi ba a barin baƙo a tsaye. Yaya ya ɗauki tabarma ya fita don ya shimfiɗa musu kafin in gama. 'Yan daba ne aka yi haya. Ba su san fuskata ba, sunana da kwatancen gida kawai aka ba su. Mai shagon da ke kallon gidanmu ne ya gaya mini sauran daga baya. Sun tambayi Yaya ko shi ne Kabiru. Ya dubi abin da ke ƙarƙashin rigunansu, ya mayar da hannu baya ya ja ƙofa.

"Ni ne," ya ce.

Ina banɗaki na ji ƙarfe ya daki ƙyaure. Na ji salatin Yaya sau ɗaya. Wata mata a layi ta ƙwalla ihu tana kiran sunan Auwalu. Nan suka gane.

"Ba shi ba ne! Ku ɓalle ƙofar!"

Inna ta riga su, ta danna sakata. Ta fisgo ni daga ni sai gajeren wando, ta kifa turmi a jikin katangar baya.

"Haura!"

Na faɗa gidan Maman Ladi, malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda ta san ni tun ina rarrafe. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta jefo mini rigar mijinta. Shi kuma ya kwantar da ni a bayan motarsa, ya lulluɓe ni da buhunan wofi. Ya kauce wa babban titi, ya bi ta cikin Tarauni da Daurawa. Duk babur ɗin da ya matso sai in ƙara lafewa. A Unguwa Uku ya sa ni motar Zariya, wajen ƙanwar Inna.

Kafin motar ta cika aka kira mijin Maman Ladi a waya. Yaya bai kai asibiti ba. Na ce zan koma. Ya miƙo mini wayar, na ji muryar Inna a dushe. Ta ce ɗaya ya ishe ta, in na dawo gida ba ta yafe ba.

Bayan azahar aka yi masa sallah. A lokacin muna wuce Kwanar Dangora, fasinjoji na musu a kan ƙwallo. Na tsani kaina, na tsani bakina.

An sake zaɓen, ɗan takararmu ya ci. Abokaina suka kira ni suna sowa, na ce musu madalla. Ban ɗauki makarar Yaya ba, ban zuba masa ƙasa ba. Matarsa ta haihu bayan takaba ta soma nisa, mace ce. Sai a hoto na san ta.