Yaɓen Haliru Bahago

Haliru Bahago taubashina ne, don haka ina da ikon in faɗi halinsa ba tare da na nemi izini ba. Magini ne na ƙasa, irin na tubali da azara, kuma rabin tsofaffin sorayen garinmu Dodoru hannunsa ne. Ya yi gini a Malisa, ya yi a cikin Gwandu. Sai bulo da siminti suka shigo, mutane suka fara gina ɗakunan da ke dafa su da rai lokacin bazara, suna kiran abin ci gaba. Aka daina sallama a ƙofarsa.

Matarsa Dije ta rasu. Ɗansu guda, Muzzammil, yana Legas yana tuƙa babur, sai sallah sallah yake bugo waya. Tsofaffin da Haliru ke ciyayya da su a ƙofar gida suka bi juna ɗaya bayan ɗaya, har ya zama in na aika masa da tuwo a zaure yake ci, fuskarsa na kallon bango. Ina tsokanarsa, ina ce masa ya auri bangon mana a huta. Yakan yi murmushi, amma abin yana ci mini rai.

Ana haka wasu mutanen jami'a suka zo da rani, suka ce za su tona tudun nan na bayan gari, inda manoma ke yawan turo tsingaro da garma. Shugabarsu Malama Naomi ce, 'yar Zuru, mace mai hular kaba da saurin magana. Ta ɗauki samari masu ɗibar ƙasa, ni kuma aka ba ni dafa abincin rana. Da ta ce tana son mai sanyin hannu, na je na janyo Haliru daga zaurensa kusan da ƙarfi.

Aikin nasu na masu haƙuri ne. Su ja igiya su yanka fili murabba'i, su kankare ƙasa kaɗan kaɗan da cokalin magina, su tankaɗe ta a rariya. Baƙar ƙasar noma a sama, ƙarƙashinta toka da gawayi, sannan ja. Kowane tsingaro sai an wanke shi an sa a leda, kamar wani abin gado. Ni dai na ga mutane da karatunsu suna lallaɓa fasasshiyar tukunya, na kama bakina.

Da suka nutsa kamar tsayin mutum, sai bango ya fito. Malama Naomi ta miƙa wa Haliru buroshi ta ce, "Baba, wannan naka ne. A hankali, kada a taɓa fuskarsa." Tun daga ranar Haliru ya canza. Shi ne farkon zuwa. Da rana yana zama cikin samari a sa hannu a tire ɗaya, har na ji shi yana musu da su a kan kokawa. Rabona da jin dariyarsa tun Dije na da rai.

Wata rana na kawo abinci ya yafuto ni bakin ramin. Tsohon yaɓen bangon ya fito, da sawun yatsun wanda ya shafe shi, layi layi.

"Indo, diba nan," in ji shi. "Wanga mutum bahago na. Ga inda yaj ja hannu, daga dama zuwa hagu, kama da ni."

Ya ɗora yatsunsa cikin sawun, suka zauna daram.

"To, ka samu aboki," na ce. "Sai ka tambaye shi ko yana da ƙanwa."

Bai kula ni ba. Daga baya samari suka gaya mini in ya sauka ramin da safe sai ya yi sallama, kuma yana aiki yana 'yan maganganu ƙasa ƙasa, yana yaba wa mutumin kwaɓinsa, yana yi masa faɗan inda ya yi ha'inci. Suna dariya. Ni ban yi ba, don na san shekarun da ya yi ba wanda zai yi wa zancen gini.

Aikin ya ja har bazara ta tsufa. Malama Naomi ta ce ranar Litinin mai ɗaukar hoto zai zo daga Birnin Kebbi da manyan na'urori, a ɗauki fuskar bangon gaba ɗaya. Suka rufe ramin da tampol ranar Asabar, ita da ɗalibanta suka tafi hutun Lahadi. Da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta yaye tampol ɗin ta kai shi gonar wani, aka ɗan yi yayyafi.

Duk maginin ƙasa ya san abin da ake yi wa bango kafin damina. Haliru ya je da safiyar Lahadi ya ga ɗigon ruwa ya fara cin sawun yatsun nan, ga gabas ta sake yin baƙi. Bai nemi tampol ba, bai nemi kowa ba. Ya koma gida ya ɗauko makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ya jiƙa don yaɓen zaurensa, ya kwaɓa jar ƙasa da ramno, busasshiyar ciyawar kwaɓi, ya tattake ta da ƙafa. Ya wuni yana yaɓe bangon daga tushe har sama. Wallahi na gani da idona, ban taɓa ganin yaɓe mai kyansa ba.

Ranar Litinin Malama Naomi ta tsaya a bakin ramin, mai hoto na bayanta. Ta dubi bangon daga sama har ƙasa, sannan ta zauna a kan bokiti.

"Baba, me ka yi?"

"Na yi mishi yaɓe, Malama. Ruwa na tahe. In an bar shi tsirara, narkewa za shi yi."

Ta sauka ta sa bakin cokali a kusurwa, ta ɓamɓaro kaɗan. Sabon yaɓen ya taso da tsohon manne a bayansa, ya ruguje a tafinta. Makubar Haliru ba ta sakin abin da ta kama. Sai a lokacin ya gane sawun yatsun nan sun tafi ke nan. Na ga ya dubi hannunsa na hagu, ya ɓoye shi a bayan riga.

Ba ta kore shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba, kuma na so a ce ta ɗaga. Ta dai mayar da shi wurin rariya, can nesa da ramin. Da rana na ajiye tire, samari suka kira shi, ya ce ya ƙoshi. Haka ya yi ta cewa har aikin ya ƙare.

Ashe in sun gama, mayar da ƙasa suke yi su binne komai. Ranar binnewa Haliru ya roƙi a ba shi shebur. Malama Naomi na tsaye tana gaya wa direbansu cewa baɗi wajen Diggi za su koma, can ƙasar Kalgo. Haliru ya ji, kuma ya san ba za a zo ɗaukarsa ba. Ya zuba ƙasa har ta kai rabin bangon, sannan ya tsaya.

"Malama, in wasu sunka tono shi bayanmu, za su san mu biyu na?"

Na yaba mata da ba ta yi masa ƙarya ba.

"Za su ga yaɓe biyu, Baba. Amma sawun hannu, naka kawai za su gani."

"Ni ɗai ke nan," in ji shi.

Ya ci gaba da zuba ƙasa har bangon ya ɓace. Da yamma na kai masa tuwo da kaina, na shirya tsokanata tun daga hanya. Na same shi a zaure, fuskarsa na kallon bango. Na ajiye kwanon, na koma gida da tsokanata.