Sandar Baba Ta Koma Gafasa

Ana sallame sallar Asuba muka kama hanya, ni da ƙanina da ya ajiye aikinsa don ya raka ni. Sallar ma a kan kujera na yi ta, kamar yadda nake yi tun da aka yi mini aiki a gwiwar dama. Masu yawan tambayata ya ƙafa, yau ga amsarku, amma sai kun biyo ni har Gafasa, don a can na samo ta.

Tun ina saurayi nake taka keken ɗinki, har gwiwar ta cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Likita ya buɗe ta ya sa ƙarfe, ya ce aiki ya yi kyau. Watanni suka shuɗe ban rabu da sanda ba. Mai yi mini gashin ƙashi sai da ya gaji da ni, ya ce gwiwa ta warke, tsorona ne bai warke ba, kuma in ban ajiye sanda na riƙa ɗora mata nauyi ba za ta ƙage, daga nan kuwa sai zama. Wannan kalmar ta zama ita ce ba na son ji. Mahaifinmu ya yi shekaru yana jan ƙafar hagu da ciwon gwiwa, wata damina ya zauna a zaure, bai ƙara miƙewa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sandar da nake dogarawa ma tasa ce, ta gora, mai zoben ƙarfe a gindi. Da ya rasu na haɗo ta da rigunansa na kawo Kano don tunawa. Sandunan asibiti da suka dame ni da ciwon hammata, sai na zaro ta daga ƙarƙashin gado. Abin da ya tashe mu tafiyar kuwa saƙon Goggo ne, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, idanunta kuma sun daɗe da tafiya. Surukarta ce ta kira ni a waya ta ce Goggo ta ce in zo, kuma in taho da sandar. Ban taɓa gaya wa kowa a ƙauye cewa da ita nake tafiya ba. Ƙanina ya rantse shi ma bai faɗa ba.

A tasha kuɗin mutum biyu na biya a gidan gaba don in miƙe ƙafa, kuma kuɗin mota ya ninka wanda na sani. Direban da ya ji akwai ƙarfe a jikina ya ce ai da na faɗa da wuri da ya caje ni kuɗin kaya. Ba mu fita daga gari ba sai da duk fasinjojin suka zama likitoci. Wata ta ce man kaɗanya da jar kanwa, wani ya ce kitsen damo. Wani dattijo mutumin Balan ya yi ta jimami, wai da na je wurin mai ɗorin garinsu da ba a kai ga wuƙa ba. Na ce masa ai ba karaya ba ce, ya ce shi wancan ko ba ka karye ba yana ɗora ka.

Mun tarar da kogin Wudil ya cika ya batse, ruwan ja wur. Muka sayi ƙosai a bakin titi, ƙosan da ya ƙanƙance har ƙanina ya tambayi mai suyar ko safe da yamma ake sha. Daga nan muka karkata hanyar Gaya. Ko'ina kore shar, gero ya fitar da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. An kwana ana ruwa a yankin, don haka muka sami Gaya a wanke tas, 'yan babur suna ta kauce wa kududdufai. Na sha fura da nono mai kyau a gefen tasha, sannan muka ɗauki shatar adaidaita zuwa Gafasa, tunda ni da hawa babur sai dai kallo. Babu ramin da muka wuce gwiwata ba ta gaisa da shi ba.

Gidanmu ba a cikin gari yake ba, yana wata 'yar unguwa a bayan gonaki. Ruwa ya yanke hanyar, mai adaidaita ya ce iyakarsa ke nan, zai jira mu a gindin wata kuka. Ƙanina ya ɗauki tsaraba ya yi gaba don ya sanar da zuwanmu, ni kuma na biyo a hankali.

Hantsi ya dubi ludayi lokacin da na shiga cikin geron. Siririyar hanya ce ta rairayi, gero ya fi ni tsayi dama da hagu, ba ka hango komai sai sama. Ruwan daren ya shafe duk wani sawu, sai na ƙanina kaɗai. Abin da ya fara damuna shi ne shirun. A irin wannan lokaci gona ba ta rabo da kukan tsuntsaye da ihun masu korarsu, amma ranar ko ganye ba ya motsi. Ƙarar tafiyata kawai nake ji, sanda ta nutse, ƙafa ta ja, sanda ta nutse, ƙafa ta ja. Can sai na ji kamar ƙarar ta zama biyu, ɗaya tana ɗan bayan ɗaya. Na tsaya, ta tsaya. Na ce wa kaina geron ne yake dawo mini da ita. Sai kuma ƙanshin man kaɗanya da kanwa ya bugi hancina, irin wanda Baba yake shafawa. Na shinshina mariƙin sandar, daga nan yake fitowa, wataƙila zufar hannuna ce ta tayar da shi. Duk da haka ayatul kursiyyu ba ta bar bakina ba har na fita.

A bakin unguwa wata tsohuwa tana tsinkar kuɓewa. Ta ɗago ta gan ni, ƙwaryar hannunta ta suɓuce, ta hau salati tana ja da baya. Sai da na faɗi sunana ta dafe ƙirji, ta ce furfurar da sandar ne suka ruɗe ta. Ta yi dariya, amma ba ta yarda ta matso kusa da ni ba.

Na ratsa zauren da Baba ya ƙare kwanakinsa a ciki ban dubi kusurwarsa ba. Ina shiga tsakar gida, tun ban buɗe baki na yi sallama ba, na ji muryar Goggo daga ɗaki.

"Yaya, yau kam ka shigo."

Yaya take kiran Baba. Surukarta ta tare ni, ta yi ƙasa da murya ta ce in yi haƙuri, tun farkon bazara take haka. Kullum bayan La'asar sai ta ce ga tafiyar Yaya nan, ta zo ƙofar zaure ta tsaya, ba ta shigowa. Su sun ɗauka tsufa ne. Ni kuwa farkon bazarar nan ne na zaro sandar daga ƙarƙashin gado.

Na yi sallama na ce, "Goggo, ni ne Ɗanladi."

Ta ce, "Muryar taka ce. Ƙafar ce ba taka ba."

Durƙuson gaisuwa ya gagare ni, aka kifa mini turmi na zauna a gabanta. Ta ce in miƙo mata inda aka yanka. Na naɗe wando, ta bi tabon da yatsunta tun daga sama har ƙasa, ta tambaya ko wannan ba ta dama ba ce. Na ce ita ce.

"To me ya sa kake jan ta hagu?"

Na yi dariya na ce kunnenta ne ya juya mata, ta hagu lafiyarta ƙalau, ko ciwon sanyi ba ta taɓa yi ba. Ba ta yi musu da ni ba. Cewa ta yi ita ba ta da ido, amma mu muna da su, mu je mu duba rairayi.

Muka fita ni da ƙanina. Sawun yana nan raɗau a kan danshin ƙasa. Ƙafar dama, wadda aka yi wa aiki, ta taka sosai, tafin ya fito cif. Ta hagu kuwa babu sawunta sai dogon layi na abin da aka ja, ga ramin sanda a gefensa. Haka ya miƙe har inda hanyar ta shige cikin gero. Ƙanina, wanda kullum shi yake kai ni asibiti, ya ce wallahi a Kano da dama nake ɗingishi, ko da safen nan a tasha ma haka ya gani. Ni ban san inda na sauya ba. Amma na san sawun, don ina yaro na sha bin sa zuwa gona in kai wa mai shi fura. Na ji tsoron da ban ji ba ko a ranar da aka tura ni ɗakin tiyata.

Da muka koma Goggo ta ce a gidanmu ba a cin gadon sandar majinyaci. Ta kakanmu a cikin itacen rufin kabarinsa aka sa ta. Ranar da Baba ya rasu ta ce a yi haka, to mata ba sa zuwa maƙabarta, maganar ta ɓace a cikin koke-koke, kafin ta farga ɗan birni ya ƙulle ta a cikin kaya ya yi Kano. Ta ce sanda in ta daɗe da ƙafa ɗaya, duk wanda ya riƙe ta sai ta koya masa tafiyar. Na ce mata wannan ai camfi ne, wanda ya mutu ya tafi ke nan, sanda kuma itace ce.

"To, camfi ne," in ji ta. "Miƙo ta."

Na miƙa mata. Ta shafa mariƙin, ta kai hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Sannan ta sa aka jingine ta a ƙofar zaure.

Aka kawo tuwon gero da miyar ɗanyar kuɓewa, ƙanina ya ci kamar babu abin da ya faru, ni kuwa loma kaɗan na iya. Muka yi Azahar. Na so mu ɗan ƙara hira, amma Goggo ta matsa sai mun tashi kafin La'asar, ta kuma ja wa ƙanina kunne kada ya ba ni kafaɗa ko da na roƙe shi.

Ban taɓa ganin nisa irin na ƙofar zauren nan zuwa bakin gero ba. Hannuna sai laluben iska yake yi. Na ɗora nauyina a kan ta dama ina jiran ta lanƙwashe in zube, ta yi zafi kamar an soka allura, amma ta riƙe. Na ɗaga ta hagu da gangan, na ajiye. Haka na riƙa yi kamar mai koyon tata, zufa tana tsiyaya, sawun safe yana gefena yana tafiya inda na baro. Mun kai tsakiyar geron aka kira La'asar daga cikin Gafasa. Ladan yana yin shiru na ji tafiyar nan a bayanmu, can nesa, tana nufar gida: abu ya nutse, abu ya ja. Ban waiwaya ba. Na tambayi ƙanina ko ya ji wani abu, ya ce bai ji komai ba, amma daga nan sai da na riƙa ce masa ya rage sauri.

A gindin kuka na juya na dubi inda muka fito. Sawun dawowata ƙafa biyu ne, gajeru, a karkace kamar na agwagwa, amma babu layi. Mai adaidaita ya tambaya ina sandar Alhaji, ƙanina ya ce mun mayar wa mai ita.

A Gaya muka sayi gasasshiyar masara, yunwar da ta guje ni ta dawo da ƙarfinta. Magariba ta riske mu a Wudil, muka iso gida gwiwa ta kumbura suntum, uwargida ta yi ta faɗa tana ɗora mata ƙanƙara. Washegari surukar Goggo ta kira ta ce an wayi gari babu sandar a ƙofar zaure. Ta ce wataƙila masu kiwon awaki ne suka ɗauke, ni ma na ce wataƙila. Goggo dai ta ce Yaya ne ya zo ya karɓi abinsa. Tun ranar ba ta ƙara jin tafiyar ba, kuma wai yanzu ƙorafinta shi ne La'asar ta yi mata shiru da yawa. Wannan maganar ta sa ni hawaye, don ni abin da na tsorata da shi, ita shi ne yake ɗebe mata kewar ɗan'uwanta.

Har yanzu ina kan bakana cewa matacce ba ya dawowa, kuma ban san abin da na ji a cikin geron nan ba. Abin da na sani shi ne, ba sanda kaɗai na ɗauko daga kayan Baba ba, har da jiran ranar da zan zauna kamar yadda ya zauna. Likita ya gyara gwiwa, ni kuma na ci gaba da jinyar ciwon wani. Duk wanda aka yi wa irin aikina, in an ce ka taka, ka taka.

Yau da Asuba da ƙafata na je masallaci. Kujerar tana nan, goshina bai kai ƙasa ba tukuna. A hanyar dawowa layinmu babu kowa, na ɗan tsaya na kasa kunne, sannan na ci gaba. Ƙafa biyu na ji, kuma duka nawa ne.