Ranar da Baba Ya Sauke Tutar Su Inna

Shekara ashirin da huɗu Baba ya yi yana shirya zauren taro a sakatariyar wata ƙungiya ta ƙasashe tara maƙwabtan juna. In ka ji yana bayanin aikinsa a gida, sai ka rantse shi ne babban sakatare. Kowace ƙasa kujera ɗaya gare ta da ƙuri'a ɗaya, in ji shi, ko da girmanta bai wuce tafin hannu ba. Shi ya sa ba ya rabo da tef ɗin awo a aljihu: tazarar kujeru daidai, tsayin tutoci daidai. Wai an taɓa yin wakilin da ya ƙi zama don tutar maƙwabta ta ɗara tasu da ɗan yatsa. Mu 'ya'yansa Ministan Kujeru muke ce masa, shi kuwa har amsawa yake yi.

Mahaifiyarmu, Inna, daga ɗaya daga cikin ƙasashen nan ta zo tun tana budurwa. Aikin jinya take yi, da wata takarda da ƙungiyar ta amince da ita, wadda ta ba 'yan ƙasashen damar zama da aiki a ƙasar juna. Ban taɓa ɗaukar takardar nan a bakin komai ba. Tana cikin gwangwani tare da katunan rigakafinmu. Wa zai zauna yana tunanin uwarsa baƙuwa ce?

Wata Laraba na bi shi ofis da maganin hawan jininsa da ya manta. Na tarar da shi tsaye a tsakiyar zauren, shugabar sashen taro tana yi masa magana ƙasa-ƙasa.

"Sun fice daga ƙungiyar, Baba," ta ce. "Wasiƙarsu ta iso da safe. A sauke tutar, a cire kujera da allon suna. Don Allah a gyara jeren yadda ba za a ga gurbi ba, 'yan jarida na zuwa ƙarfe biyu."

"Ranki ya daɗe, masu takardar zama fa?" in ji Baba.

"Wata uku aka ba su. An ce kwamitin shari'a zai duba."

Sai da na ga tutar da ya nufa na gane. Har ledar maganin ta suɓuce mini. Ƙasar su Inna ce. Wato wasu da ba su taɓa jin sunanta ba sun zauna sun sa hannu, shi ke nan matar da ta haife mu a nan ta koma mai ƙirga kwanaki!

"Baba, ka bari wani ya yi mana!" na ce. "Duk ginin nan sai kai?"

"In wani ya yi, zai bari ta taɓa ƙasa."

Ya sauke ta, ya ninke, ya miƙa mini na riƙe. Ya ɗauke kujerar, sannan ya durƙusa da gwiwoyinsa masu ciwo yana auna sauran takwas ɗin, yana matsar da su ɗaya bayan ɗaya. Bai kuskure ko ɗaya ba. Ni haushinsa ma nake ji. Da ni ce, wallahi sai na bar gurbin nan a buɗe kowa ya gani.

Washegari jarida ta fito da hoton zauren. Wakilai takwas a jere, suna murmushi. Inna ta dawo daga asibiti ba ta ko cire fararen kayanta ba, ta ɗauki jaridar daga kan tebur. Ta daɗe tana kallo, tana bin kujerun da yatsa, tana neman inda tasu take a da.

"Wa ya shirya?" ta tambaya.

"Ni ne," in ji Baba, kansa a ƙasa.

Ta ajiye jaridar a hankali.

"Ka iya aiki, Malam. Ko alamarmu babu."