Alƙalamin Ƙarfe da Rubutun Yaye

Tun ina da cikin ɗiyar nan nake tsoron ranar yayenta. Ba haihuwar nake tsoro ba, yayen. Wanda na fara haifa namiji ne, lafiya lau ya sha nono har ya fara gudu a tsakar gida. Aka yaye shi bayan girbi, wata bai cika ba gudawa ta ɗauke shi. Ba wanda ya ce laifina ne, surukata ma cewa ta yi kwanansa ne ya ƙare. Na yarda. Amma daga ranar, duk abin da zai shiga bakin yaro sai ya fara bi ta nawa. Kunu, dauri, ruwan randa, har ƙasar da ɗiyar ke damƙa a gindin danga na taɓa ɗanɗanawa, don in san abin da take ci idan na juya baya.

A Filingue muke zaune, bayan kasuwa. Lokacin da nake ba da labari Annasara ba su daɗe da kafa barikinsu ba, kuma tun zuwansu takarda ta yawaita a gari. Maigidana malami ne, ba babba ba, amma hannunsa na da kyau, shi ya sa mutane ke zuwa ya rubuta musu wasiƙa da ajami. Yana son alƙalami kamar yadda wasu maza ke son doki. Sai ya zare kara goma ya yar da tara kafin ya sami wanda zai fiƙe, in ya fiƙe kuma ya ɗaga shi sama ya runtse ido ɗaya yana duban tsagar bakin.

Tawadarsa ni ke yi. A gidan mahaifina na koya, inda na yi ɗan karatun allo kafin aure, ban yi nisa ba. In daka gawayi ya yi laushi, in tankaɗe, in jiƙa ƙaro, in haɗa in dafa, in tace da tsumma, in zuba masa a kurtu. Ba abin da ke cikinta wanda ban san bishiyarsa ba.

Akwai wani Bazabarme mai koli da ke zuwa daga Yamai da jakuna biyu, ba kowace ranar kasuwa ba. Wata rana ya zo da bakunan alƙalami na ƙarfe a cikin ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba. Kafin maigida ya ji labari, tafinta da masu rubutu a bariki sun kwashe. Ɗaya kawai ya gani a hannun tafinta, aka ba shi ya ja layi guda aka karɓe. Ranar tuwonsa sai da ya huce yana kwatanta mini abin: bakin a tsage yake, da ɗan rami kamar kafar allura, ba a fiƙe shi, ba ya dakushewa, yana jan layi siriri kamar gashin jela. Ni dai ina ta cewa to.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya je ya tambaya ko sun iso. Mai kolin ya ce sai wata tafiyar. Wata tafiyar ya zo da madubai da allurai, ba alƙalami. Shi da abokansa malamai biyu suka riƙa zama a gindin gawo suna gardama a kan wane ya fi, mai tsinin baki ko mai faɗi, alhali ba wanda ya mallaki ko ɗaya a cikinsu. Ƙanwarsa, wadda take zaune da mu a lokacin kuma ba ta raga mini ba ta raga masa, ta ce ta ga masu jiran damina, ta ga masu jiran watan salla, amma ba ta taɓa ganin gemu uku suna jiran jakin Bazabarme ba.

Sai ga bakunan ƙarfen sun iso. Maigida ya shigo gida yana sauri, abin da ba ya yi. Ya kwance wani ƙulli a kan tabarma: mariƙi na itace ja, bakuna biyu a naɗe cikin takarda, da 'yar kwalbar tawada. Tawadar ba baƙa ba ce, ba shuni ba, kamar an gauraya shuni da ja. Da ya rubuta bismilla a takarda ni kaina sai da na matso. Ban taɓa ganin harafi ya fito tas haka ba.

Ya gwada tawadata da sabon bakin, ta ƙi. Ƙaron ya bushe a jikin ƙarfen, garin gawayin ya toshe tsagar. Ya wanke, ya goge da bakin rigarsa, ya koma kwalba. Kurtuna ya zauna a lungu har tawadar ta daskare. Na ji wani abu a raina, amma ba wannan ne ya dame ni ba.

Abin da ya dame ni kiyashi ne. Kurtuna kullum sai na kaɗe kiyashi daga bakinsa, saboda ƙaro. Wata safiya ɗigon tawadar kwalba ya faɗi a gefen tabarma, ina shara na ga layin kiyashi ya taho, da ya iso wurin sai ya rabu biyu, ya kewaye, ya haɗe a gaba. Na tsuguna na daɗe ina kallo. Na kuma lura da yatsan maigida: alwala biyar a yini, launin bai fita ba. Na buɗe kwalbar na shinshina, wari kamar na ƙarfen da ya kwana a ruwa.

A cikin kwanakin nan surukata ta ce ɗiyar ta isa yaye, ta sa Juma'a mai zuwa. A wurinmu ba a yaye yaro sai an yi masa rubutu. Malami ya rubuta ayoyi a allo, a wanke a ƙoƙo, a ba yaron ya sha, sannan a kai shi ɗakin kaka. Maigida ya ce shi zai rubuta wa ɗiyarsa da hannunsa, kuma da sabon alƙalami da tawadar kwalba zai yi, don ta sami mafi kyawun abin da ke gidan. Da murna ya faɗa. Na dubi fuskarsa na gane ba ni kaɗai ke tuna wancan yaron ba. Shi ya rubuta masa nasa rubutun. Yana so ne wannan karon kada ya rage komai.

To ta ina zan fara? In ce masa tawadar da ya yi watanni yana jira ba ta da kyau, hujjata kiyashi? In ce ayar da zai rubuta za ta cuci ɗiyarsa? Wannan maganar ba ta fita daga bakin mace irina, ga surukata a zaune.

Na roƙi ƙanwar tasa ta tambayo mini mai koli ko ana shan tawadar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce matar yaya, ke komai kika gani sai kin tambaya ko ana ci. Amma ta je. Ta dawo ta ce mutumin ya rantse bai sani ba. Ya ce ya ga Annasara suna rubutu da ita a Yamai, bai taɓa ganin wanda ya kai ta baki ba, su rubutunsu ajiyewa suke yi a akwati, ba sa wankewa.

Ranar Alhamis na dama sabuwar tawada, na tace ta sau uku, na kai masa tare da fura. Na ce Malam, ga sabuwa na yi. Ya ce madalla, in ajiye, za ta yi amfani. Na tsaya kaɗan ko bakina zai buɗe. Bai buɗe ba. Na ɗauki kwanon na fita.

Juma'a da hantsi ya zauna ya cika allo. Ƙarfen yana kartar itacen, ƙir ƙir, amma rubutun ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya miƙo mini in wanke, don ni ke wanke masa allo kullum, ya fita zaure wajen wani baƙo. Na shiga ɗaki da allon da ƙoƙo, ɗiyar tana goye a bayana tana jan ɗankwalina.

Na zuba ruwa na murza. Tawadata da an taɓa ta da ruwa take sakin allo. Wannan sai da na dirza, kuma inuwar harufan ta zauna a jikin itacen. Ruwan ƙoƙon ya yi launin da ban taɓa ganin an ba ɗan Adam ya sha ba.

Na tsaya riƙe da shi. Ba zan ba ta ba, wannan na sani. Ba zan zubar ba, ayoyin Allah ne a ciki, ba a watsa su a ƙasa inda ake takawa. Ba zan ɓoye ba, surukata na jira a tsakar gida da ludayi. Wuri ɗaya ya rage da ruwan rubutu zai shiga ba a wulaƙanta shi ba. Na yi bismilla na kafa kai na shanye.

Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, da ɗanɗanon tsatsa. Na goge bakina na fito da ƙoƙon wayam, ina shirya ƙaryar da zan yi. Ban samu na yi ta ba. Ƙanwar maigida ta dube ni ta saki muciya.

“Inna, taho ki ga surukarki. Wa ya kai bakinta marina?”

Leɓena, haƙorana, harshena, duk sun rine. Surukata ta dubi ƙoƙon, ta dubi bakina, ta ce, “Ke ɗiyar nan, ke za a yaye?”

Sai amai ya taso mini. Na kwance goyon na miƙa mata, na zaga bayan ɗaki. Na yi amai har idona ya yi ruwa. Da na dawo na tarar an kira maigida, yana tsaye da allon a hannu yana duban launin da ya ƙi fita. Na zauna a ƙofar ɗaki ina jiran faɗa.

Ya dangwali ragowar da ke gindin ƙoƙon da yatsa ya kai harshe, ya yamutsa fuska. Sannan ya dubi ɗiyar a cinyar kakarta, ya dube ni.

“Don mi ba ki hwaɗa mini ba?”

Na ce, “Malam, na rasa ta inda zan fara. Kiyashi na gani sun ƙi ta.”

Ƙanwarsa ta fara dariya, surukata ta harare ta ta yi shiru. Shi bai yi dariya ba. Ya ce kiyashin sun fi shi lura, ni kuma na fi kiyashin wauta, tunda su ba su sha ba. Ya sa aka dama mini nono na sha. Ya ce wa mahaifiyarsa a ɗaga yayen zuwa wata Juma'ar.

Da la'asar, ina kwance, na hango shi ta ƙofa ya je gindin danga yana zaren kara. Ya yar da wajen shida. Ya zauna da 'yar wuƙarsa ya fiƙe, ya ɗaga sama ya runtse ido ɗaya. Sai ya kira ni ya ce ina sabuwar tawadar nan ta jiya.

Kwana uku bakina bai koma daidai ba. Matan unguwa suka riƙa zuwa aron turmi da ba sa bukata don su gan ni. Wancan allon sai da aka kankare shi da wuƙa. Juma'a ta gaba ya rubuta a wani allon da alƙalamin kara, na wanke, ruwan ya fito baƙi kamar yadda na san shi. Na kurɓi kaɗan duk da haka, a gabansa, bai hana ni ba. Ɗiyar ta sha, ta yi kuka kwana biyu a ɗakin kakarta, ta ɗan rame. Kullum da safe ina leƙa tsummanta don tsoron gudawa. Wata ya cika, na biyu ya cika, ta murmure ta koma cin ƙasa. Yanzu ta isa ɗebo mini ruwa a ɗan tulu.

Bai bar son alƙalamin ƙarfe ba, kada a ɗauka haka. Har yau in ya ji jakunan Yamai sun sauka, takalminsa a hannu yake fita, kuma gardamar mai tsini da mai faɗi ba ta ƙare ba a gindin gawo. Sai dai ya raba gafakarsa biyu: ƙarfe da kwalba na takarda, kara da kurtu na allo. Ya faɗa wa abokansa, ya faɗa wa mai kolin. Na ji an ce yanzu in mutumin zai miƙa wa malami kwalba sai ya ce ta takarda ce, ba ta sha ba.

Bakin farko da ya saya, da ya tsufa ya fara karkacewa, ni ya ba. Ya ce tunda na sha tawadar, ya kamata in san amfaninta. Da shi nake rubuta wannan, a bayan takardun da ya ɓata, harafi ɗaya ɗaya, ina tambayarsa abin da ya shige mini. Akwai wani jaririn a bayana yanzu, kuma ba zan ce tsoron yaye ya sake ni ba. Ya dai ragu.

Kwalaben nan suna ƙara shigowa, na ji har kasuwar Bonkoukou an fara gani. Don haka ina roƙon wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, ya karanta wa matan gidansa. In za a yi wa yaro rubutun sha, a tambayi malamin da wace tawada ya rubuta. A tambaya da baki, cikin ladabi, tun kafin a wanke allon. Kada wata ta yi shiru irin nawa har sai ta kai ga shanyewa.