Bakan Farfesa

Ban taɓa shan wahalar zama irin ta unguwar Cheras, can ƙasar waje, ba. Sati uku na zo yi, in sari kayan gyaran waya in koma Kano, sai korona ta rufe hanya. Na ƙare a falon ƙanena, hawa na goma sha huɗu, wata da watanni ina cin tuwonsu ba na tsinana komai. Shi karatun dakta yake yi a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Ni a aji huɗu na firamare na ajiye biro.

A bayan kujera akwai wata doguwar baƙar jaka. Baka ne a ciki, na farfesan da yake duba masa aiki, wani dattijo ɗan ƙasar. Ya ara masa kafin kulle, wai harbi yana kwantar da hankali. Sai mutumin nan ya sa hannu ƙanena zai gama karatu, shekara huɗu ke nan ana lallaɓa shi.

Mahaifinmu maharbi ne, ni na riƙe masa kwari ina yaro. Don haka ran da aka buɗe jakar na yi dariya. Tayoyi biyu, tsirkiya har uku, ga wata sanda a gaba.

Na ce, "Dakta, wannan baka ne ko keken ɗinki?"

Ya ce, "Yaya, na harbin allo ne. An yi shi dogo da nauyi don kada hannu ya yi rawa, kuma ba shi da tauri, sai ka yini kana harbi. Na farauta gajere ne don kada ya sarƙe a reshe. Ya fi ƙarfi, kibiyarsa ta fi gudu, amma ba ya yafe kuskure."

Na ce, "To ai shi ne baka. Allo yana gudu ne?"

Wata Laraba ya sauka kedai, wato kantin unguwa, sayen shinkafa, matarsa tana kicin. Zaman banza ya sa na ciro bakan. A gidanmu, in za ka san baka, ja kake yi ba kibiya ka saki, ka ji muryar tsirkiya. Haka Baba yake yi kafin ya fita. Na ja, ya yi tauri, can sai ya saki jiki kamar ba abin da nake riƙe da shi. Na sake shi.

Ƙarar kamar an harba bindiga. Tsirkiya ta sauka daga taya ta tsala min bulala a hannu. Matar ƙanena ta fito da muciya tana salati.

"Yaya, me ya fashe?"

Na ce, "Ni ne."

Da ƙanena ya dawo bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya dafe kai. Ya ce ƙarfin da kibiya za ta ɗauke, in babu ita, jikin bakan yake komawa, yana iya tsagewa ta ciki. Ya fara cewa ko a ɓoye har a buɗe shaguna.

Na ce, "Kira farfesan yanzu. Ni na yi, ni zan faɗa."

Bayan la'asar aka kira shi ta bidiyo. Na yi bayani da Hausa, ƙanena yana fassarawa. Abin da dattijon ya fara tambaya idona ne, sannan ya ce in nuna masa hannun. Ya sa aka kawo auduga, ya ce in shafa ta a hankali a jikin bakan daga sama har ƙasa, in akwai tsaga za ta kama zare. Na shafa, gumi yana zubo min. Ba ta kama ba. Na juya ɗaya gefen, nan ma lafiya. Ya duba tayoyin ta waya, ba su lanƙwashe ba.

Ya ce Allah ya taimake ni, da ma shi ya sassauta bakan sosai saboda ɗalibinsa sabon hannu ne. Da mai ƙarfin nan ne na farauta, da a fuskata zai tarwatse. Ya ce akwai mai gyara a unguwar Titiwangsa da yake karɓar aiki ta ƙofar gidansa, yana da injin mayar da tsirkiya. Sai ya yi dariya ya ce da ni, "Boleh, boleh," wato zai yiwu a yarensu, ya juya kan ƙanena yana tambayarsa ina babi na biyar na kundin bincikensa.

Sai a lokacin na ji hannuna yana zugi. Na ci tuwo malmala biyu ran nan, ban ji kunya ba.

Washegari na sa ƙanena ya rubuta min adireshin a takarda. Ya ce in bari ya raka ni, na ce ya zauna ya yi wa mutumin babinsa. Na ɗaura takunkumi, na rataya jakar, na sauka na nufi tashar jirgin ƙasa.