Sunaye Goma Sha Bakwai a Aljihuna

Mun tashi da asuba daga Azuba da ke gefen Lafiya, hazo bai ko ɗaga ba, mu uku: direba, da Madam ta ofishin ma'aikata, da ni masinja mai riƙon akwati. Kamfaninmu na gyaran riɗi ne, yana da reshe a Obi, inda mata ke sheƙa da tankaɗe. Manaja ya aike mu mu ji damuwarsu. Ya ce kada a sa sunan kowa a takarda, don kowa ya faɗi gaskiya ba tsoro. Sau uku na duba makullin akwatin kafin mu bar gari.

Ruwa ya sauka cikin dare, hanya ta yi sanyi. Kunyoyin doya sun jeru a gonaki kamar mutane a zaune suna jiran wani abu. Hazo na rataye a kan bishiyoyin kanju, har na riƙa jin kamar motar ba ta taɓa ƙasa. Mun tsaya mun sha kunun gyaɗa da ƙosai. Mangwaro kuwa ya yi arha, gyaran da aka yi wa direba ya fi abin da ya saya. Ni dai ban sha ba, ina tsoron cikina.

Da hantsi muka isa. Ƙurar riɗi tana yawo cikin hasken da ke shigowa ta rufin rumfa, matan suna motsi a cikinta kamar a mafarki. Madam ta sallami heluma, wato mai lura da su, ta zauna a gindin ɗorawa tana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa. Ni ina can gefe da akwati, inda kowace za ta zo ta jefa takardarta.

Ashe su kullum da safe sai sun dangwala yatsa kusa da sunansu a littafin zuwa aiki. A wurinsu takardar da ba suna ba dangwale ba ta da ƙarfi. Ta farko ta ƙi jefawa.

“Oga, sa sunana mana. Ko so kake a ce ban zo ba?”

Na ce an hana. Wata dattijuwa mai tari ta dube ni ta ce, “Ɗana, ni na faɗi magana, kuma in ɓuya? Rubuta!”

Ban iya musu da sa'ar mahaifiyata ba. Na rubuta nata a ƙasan takarda, sauran suka biyo, har da ɗauko tawadarsu. A raina ina ganin ladabi na yi.

Wajen rubuta sunan dattijuwar ne idona ya faɗa kan amsarta. Ta ce heluma yana kulle tankin ruwa sai an tashi aiki, wai shan ruwa yana ɓata lokaci, alhali ƙura ta cika musu ƙirji.

Mun ci sakwara da miyar agushi, muka kamo hanya bayan la'asar. Madam ta yi barci. Gajimare suna tafiya tare da mu, farare, sannu a hankali, ni kuma sai na tuna heluman nan surukin manaja ne, duk Juma'a tare suke cin abinci. Na ga dattijuwar a zuciyata tana fita ƙofar rumfa da faifanta a hannu, an kore ta, kuma da rubutun hannuna. In na yi shiru na cuce ta. In na taɓa takardun ofis kuma na ci amana.

Na tashi Madam na faɗa mata komai.

“Kai, Baba! Kai da ke duba makulli sau goma?” Sannan ta ce, “Direba, faka. Oga ya ce ba suna, to ba suna.”

A gefen wata gonar rogo muka buɗe akwati. Na riƙa ninke ƙasan kowace takarda ina yagewa a hankali, kada in taɓa amsa ko ɗaya. Direba na dariya, wai ko tela bai kai ni ba. Guda goma sha bakwai. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na zuba a aljihu.

Mun shigo Lafiya da magariba. A gida na zuba su a murhu, na tsaya har suka zama toka.

Tafiyar nan ta koya mini cewa ladabi ma yana iya cutar da mutum, kuma wanda ya faɗa maka gaskiya ya ba ka ajiya ne. Shekaranjiya direba ya dawo daga Obi. Ya ce an cire kwaɗon tankin, dattijuwar kuma tana nan a wurinta. Ta aiko a tambaye ni ko sunanta ya isa wurin babban oga.