Rubutun da Na Gani a Madubin Baba Garba

Jama'a, ni malamin kimiyya ne, na shekara ashirin da wani abu ina koya wa 'ya'yan mutane cewa komai yana da dalili, har maki nake rage wa ɗalibin da ya amsa mini da "haka kawai". To ku yi haƙuri da ni, yau ita ce amsar da zan ba ku, kuma wallahi ko gishiri ban ƙara wa labarin nan ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a nan Bauchi, ina haya a Yelwa, sai wani ciwo ya kama ni, ciwon haɗa kwamfuta da hannuna, irin ta da, wadda ba hoto ba kiɗa, farin rubutu kawai a kan baƙin gilashi. Duniya na ta gaba, ni ina sauri in koma baya. Wanda ya biye mini shi ne Baba Garba, wani tsoho mai gyaran rediyo da talabijin a Ƙofar Ran. Duk Asabar ina shagonsa, ina ba shi ilimin littafi yana ba ni na hannu, kuma da yake ni mutum ne mai taɓe-taɓe, ba a awa guda bai daka mini tsawa ba: "Malam, cire hannunka! Wuta ba ta san ka yi jami'a ba."

Dokarsa ɗaya ce: ba ya sa hannu a bayan talabijin tana kunne sai da mutum tsaye kusa da soket, ko da wutar za ta kama shi a kashe. Wata Juma'a bayan masallaci ya ce in zo gobe da wuri, akwai wata babba da zai buɗe. Na ce in sha Allahu, irin in sha Allahun nan da ni da ku muka sani. Washegari na zauna kallon ƙwallo. Maƙwabcin shagonsa ya ce ya yi ta leƙen hanya har azahar, daga nan ya shiga ciki shi kaɗai. A nan aka same shi, wuta ta kama shi, Allah ya jiƙansa. Ba wanda ya san ni yake jira sai ni, kuma tun daga ranar tambaya ɗaya ke cina: ya yafe mini kuwa?

Bayan sadakar arba'in matarsa, Goggo Mairo, ta aiko a kira ni, ta turo mini wani kwali ta ce, "Ɗauki, Malam, kullum cewa yake kayan haukanku ne kai da shi." A ciki akwai madubin aikinsa, da wani aisi guda. Aisi, ga waɗanda ba su sani ba, ɗan baƙin abu ne mai ƙafafu kamar shanshani, wannan kuma irin wanda ke riƙe karatun kwamfuta ne, da 'yar taga ta gilashi a bayansa. In kana son goge abin da ke ciki ba ka da injin gogewa, rana kake ba shi. Na ɗora shi kan kwanon ɗaki mako uku cur, har matata, Maman Aisha, ta ce, "Malam, mutane na shanya kuɓewa, kai kana shanya ƙwaro." Na sauko da shi na gwada, fes, babu komai a ciki. Ku riƙe wannan.

Daga nan fa na rasa sukuni. In ina aji hankalina na kan teburin gida, in ina gida ƙaurin darma ya hana kowa shaƙatawa. Haruffan da kwamfutar za ta rubuta ma ni na zana su ɗaya bayan ɗaya, ɗigo-ɗigo, na zuba a aisin, kuma duk abin da na koya mata a duniya kalma ɗaya ce: SANNU.

Ranar wata Asabar, rana tsaka, na haɗa ta da wata tsohuwar talabijin, na kunna. Sai ga SANNU ta fito, amma tana rawa, tana gudu sama. Na ce wannan ƙaramin aiki ne, akwai abin murɗawa a ciki. Na kwance bayan talabijin, na jingine madubin Baba Garba a gabanta yadda masu gyara ke yi, don kana baya kana ganin fuskarta, na zura hannu da sukudireba. Ni kaɗai, ba kowa a soket. Dokar da ta kashe mai ita ranar da ya karya ta, ni ma na karya ta, da digirina.

Ina murɗawa ina kallon madubi, SANNU tana nan a juye, kamar yadda kowane rubutu ke juyewa a madubi. Sai ta ɓace. Sai wani rubutu ya fito, tsaf, ba rawa, na karanta shi daidai daga hagu zuwa dama: CIRE HANNUNKA.

Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi biyayya kamar yadda ya saba a Ƙofar Ran. Na fizge hannu, kafin in ce innalillahi wuta ta zo da wani irin ƙarfi, fanka ta yi kuka, ƙwan ɗakin ya fashe, cikin talabijin ya yi tartsatsi daidai inda yatsuna suke. Sukudireban da na saki, bakinsa narkewa ya yi. Ranar gidaje da yawa a layinmu sun yi asarar kaya.

Ashe Maman Aisha na bakin ƙofa da kwanon abinci. Da hayaƙi ya lafa ta ce, "Malam, wane irin boko ka koya mata? Rubutun a juye yake, kamar an rubuta daga ciki."

Nan na gane. Ita da ke gaban talabijin ta gan shi a juye, ni da ke kallon madubi na gan shi daidai, wato an rubuta shi ne don mai kallon madubi. Ni kuwa ban zana harafi ko ɗaya a juye ba, balle in koya mata wannan magana. Na ce mata, "Layi ɗaya ne, ko?" Ta ce, "Biyu. Na ƙasan na fitowa wutar ta tashi."

Ni na sama kawai na gani.

Aisin bai ƙone ba. Na kai shi wurin wani abokina da ke da injin karantawa, muka bi shi daki-daki, ba komai sai haruffana da SANNU. Ya ce tsoro ne ya nuna mini, na ce to matata fa, tsoron wa ta ara? Na yi wa Baba Garba sadaka, na je na gaya wa Goggo Mairo gaskiyar ranar ƙwallo, ta ce ita ta yafe, nasa kuma yana wurin Allah.

Sau biyu ina sake haɗa kwamfutar nan har ƙarshe, in ɗauko aisin daga gwangwanin da nake ajiye shi, in tsaya da shi a hannu, in mayar. Na tambayi Maman Aisha tsawon layin nan na biyu ya fi sau ɗari, har ta gaji da ni, amsarta ba ta canzawa: gajere ne, kalma biyu ko uku. Ni kuma malami ne, na iya ƙirga. "Na yafe maka" uku ce. "Ina jiranka" biyu.

Shawarata gare ku, kada ku buɗe bayan kayan wuta ku kaɗai, kome iliminku. In kuma tsoho ya ce ku zo ku tsaya masa, ku je, ko ku gaya masa a fili ba za ku zo ba, ya nemi wani. Madubin yana nan a ɗakina har yau, fuskarsa na kallon bango.